Tumatirin gwangwani da aka buɗe ya yi farin abu a sama, a kwashe ko a zubar?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na sayi babban gwangwanin tumatir mai giram 850 saboda baƙi da muka yi, to ko rabinsa ban yi amfani da shi ba, sai na zuba mai a samansa na ɗaure bakin da leda na sa a firij a cikin gwangwaninsa. Yau kwana sha ɗaya kenan, ɗazu na ɗauko zan ɗiba sai na ga wani farin abu kamar auduga a gefe ɗaya, daidai wajen da man bai rufe ba, girmansa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Sauran jawur yake, na sunsuna ban ji wari ba. Zan iya kwashe wajen in yi amfani da sauran? wlh ya fi rabin gwangwani, zubar da shi yana min ciwo. Sannan ku ya kuke ajiye naku ne in kun buɗe?

Hajiya_Turai:
Wa alaikumus salam. 'Yata sa cokali ki kwashe wajen har da ɗan abin da ke kewaye da shi, sauran ki soya shi sosai a mai. Na fi shekara ashirin ina yin haka ban taɓa ganin wanda ya kwanta ba, wuta ai ba ta barin komai.

Zee_Kicin:
Nima haka nake yi gsky, in dai bai yi baƙi ko kore ba

Malam_Auwal:
Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Farin nan da take gani a sama kan funfunar ne kawai, inda take fitar da irinta. Asalin jikinta zare ne siriri wanda ido ba ya gani, kuma a abu mai laushi mai danshi irin tumatir zaren yana nutsewa ƙasa ya bazu tun kafin farin ya bayyana. Shi ya sa masu kula da lafiyar abinci suka raba abin gida biyu. Abu mai tauri kamar karas ko kabeji za ka iya yanke wajen ka haɗa da santimita biyu da rabi na kewayensa ka ci sauran, amma mai laushi in ya yi funfuna sai dai a zubar gaba ɗaya. Maganar wuta kuma, eh tana kashe ita funfunar, sai dai wasu irinta suna barin guba a cikin abincin wadda zafin girki ba ya rusa ta, kuma da ido ba a gane mai guba da marar guba, launi ba ya nunawa. Maman Ilham ni shawarata ki zubar.

Hajiya_Turai:
To Malam na ji, amma mu da muka daɗe muna ci me ya same mu?

Nas_Rabi:
Hajiya Allah ya ƙara miki lafiya, ba kullum ne abin yake kayar da mutum a ga an kwashe shi ba. Wani lokacin murɗar ciki ce ko gudawa ta yini ɗaya, sai a ɗora wa wani abu daban da aka ci, babu wanda zai tuna da cokalin tumatir da aka sa a miya. Kuma jikin babba mai lafiya ba ɗaya yake da na ɗan shekara biyu ko mai ciki ko tsoho ba, ita Maman Ilham ai tukunya ɗaya za ta dafa wa kowa.

Maman_Ilham:
Haka ne Anty Rabi, Ilham ɗin ma shekararta biyu da wata uku, duk abin da muka ci shi take ci

Baban_Nana:
Ni a ganina kuskuren tun daga barinsa a cikin gwangwani aka yi shi. Da zarar an fasa gwangwani ai ya zama guba in abinci ya kwana a ciki, haka na taso na ji kuma a gidana ko madara aka buɗe sai an juye.

Malam_Auwal:
@Baban_Nana juyewar da kake yi daidai ce, amma kalmar guba ta yi nauyi. Gwangwani ƙarfe ne da aka shafe shi da kuza don kada ya yi tsatsa, wasu kuma a ƙara musu wani shafi a ciki, in ka leƙa za ka ga fari ko ruwan zinare. Muddin yana rufe babu iska a ciki abin yana tafiya a hankali, amma da ka buɗe iska ta shiga, tsamin tumatirin sai ya fara cin kuzar da ƙarfen da sauri, musamman a bakin da aka yanka da kuma gwangwanin da ba shi da wancan shafin. Abin da za ka fara ji shi ne ɗanɗanon ƙarfe a miya, in kuzar ta yi yawa sosai tana iya ɓata ciki, shi ya sa ma aka sa mata iyaka a ƙa'idar abinci ta duniya, miligiram 250 a kowane kilo na abincin gwangwani. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce za a iya barin saura a cikin gwangwanin a rufe a sa a firij, amma ya fi kyau a juye a kwalba ko roba ta abinci, ita kuma hukumar abinci ta Birtaniya juyewar take cewa a yi kai tsaye. To dai duka biyun sun haɗu a kan juyewa ta fi. Amma fa ba gwangwanin ne ya jawo wa Maman Ilham funfuna ba, kwanakin ne suka yi yawa. Abin gwangwani mai tsami irin tumatir kwana 5 zuwa 7 ake ba shi a firij bayan an buɗe, ita kuwa ta kai sha ɗaya.

Ummu_Sadiq:
Kwana bakwai kacal? tab, ashe mun daɗe muna wuce gona da iri

Anty_Larai:
Bari in faɗa muku yadda nake yi da mai domin na ga kamar za a ce mai ba ya aiki, yana yi in an iya. Kwalba nake samu mai faɗin baki, in wanke ta da sabulu in ɗauraye da ruwan zafi in kife ta har ta bushe ƙarau, ko ɗigon ruwa kada ya rage. Sai in juye tumatirin in danna shi da bayan cokali ya kwanta sumul babu rami babu tudu, domin duk tudun da ya leƙo sama da mai nan funfuna take fara kamawa. Sannan, kuma nan ne mutane suke sakaci, in ɗauki tishu mai tsabta in goge jikin kwalbar ta ciki daga saman tumatirin har baki, kada a bar jan nan da yake mannewa a gefe. Daga nan in tsiyaya mai har ya rufe ko'ina kamar kaurin rabin ƙaramin yatsa, in rufe da murfi, sai can cikin firij. Duk sanda na ɗiba kuma sai na sake daidaita saman na ƙara mai. Nawa yana kai kwana goma lafiya lau.

Zee_Kicin:
Yawwa Anty Larai, ni har tafarnuwa nake daddatsawa in zuba a cikin man da ɗan barkono, ƙamshi kamar me, kuma ba ma sai na sa a firij ba a kan kanta nake ajiyewa tunda mai ya rufe

Nas_Rabi:
Zee dan girman Allah ki daina wannan, da gaske nake. Ɗanyar tafarnuwa a cikin mai a zafin ɗaki tana cikin abubuwan da aka fi sani da kawo cutar botulizim, wata cuta mai haɗari da ake ɗauka daga gubar abinci. Ƙwayar da ke kawo cutar a ƙasa take rayuwa, tana zuwa a jikin tafarnuwar, kuma ita wajen da babu iska take so, to man da kika zuba ya ba ta abin da take nema kenan. A 1985 a birnin Bankuba na Kanada mutum sama da talatin suka kamu daga yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye a mai ba a sanyi ba a wani gidan abinci. Kuma abin tsoron shi ne ba lalle ta canza wari ko launi ba. Ita cutar ba da gudawa take farawa ba galibi, jijiya take kamawa, mutum ya fara gani biyu-biyu, fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, magana ta karye, yawanci cikin awa 12 zuwa 36 bayan an ci. Duk wanda ya ga haka asibiti kai tsaye, ba a jira gari ya waye.

Zee_Kicin:
Innalillahi, wlh ban taɓa jin haka ba. Amma ba an ce tsamin tumatir yana hana irin wannan ba?

Malam_Auwal:
Yana hanawa, gaskiyarki. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, in abu yana ƙasa da 4.6 ƙwayar ba ta iya girma, kuma tumatirin gwangwani yana ƙasa da hakan. Amma tafarnuwar da ke yawo a cikin mai ba ta da wannan tsamin, tana zaman kanta ne. Sannan ga wani abu da ya dawo da mu kan tambayar Maman Ilham, funfuna in ta zauna a kan tumatir tana cinye tsamin wajen da take, sai ma'aunin ya hau, wajen ya zama inda wasu ƙwayoyin da da ba za su iya tsirowa ba yanzu za su iya. To kin ga ɗan farin nan ba shi kaɗai ne abin dubawa ba.

Anty_Larai:
Ni dai mai zalla nake sawa kuma a firij, kada a haɗa ni da masu tafarnuwa

Malam_Auwal:
A'a Anty naki daban ne, man yana tare iska kuma funfuna sai da iska take girma, saboda haka yana ƙara 'yan kwanaki. Abin da nake so a riƙe shi ne sanyin ne yake yin babban aikin, mai taimako kawai yake yi.

Ummu_Sadiq:
Ni tun da na gano firiza na huta da duk wannan. Ranar da na buɗe gwangwani ranar nake gamawa da shi. In ɗauko faranti mai faɗi in shimfiɗa leda mai tsabta a kai, in riƙa ɗiban tumatirin cokali-cokali ina ajiyewa a jere kamar ana ɗiga alawa, in tura firiza. Bayan awa uku ko huɗu sun daskare sai in ɓamɓare su in zuba a ledar nan mai zif in matse iskar in rubuta kwanan wata a jiki. In zan yi girki sai in ɗauko guda biyu ko uku in jefa a cikin mai kai tsaye, ba sai na jira sun narke ba, kafin albasa ta yi laushi sun saki. Abin da ya sa na tsorata da Malam ya ce kwana bakwai, kafin in fara haka sai in bar shi sati biyu a firij.

Fatee22:
Anty Ummu Sadiq wata nawa yake yi a firizar?

Ummu_Sadiq:
Ni ba ya wuce wata biyu ya ƙare, amma har wata uku ɗanɗanonsa yana nan daram. In ya daɗe fiye da haka ba lalacewa yake yi ba in dai a daskare yake, kawai yana bushewa ne ya ɗauki warin firiza.

Mai_Girki_Sani:
Mu a wajen aiki manyan gwangwanaye muke buɗewa masu kilo biyu da ɗoriya, ba mu da lokacin cokali-cokali. A leda mai zif muke zubawa mu kwantar da ita mu baje shi ya yi fale-fale kamar kaurin yatsa, sai mu sa bayan wuƙa mu ja layuka a kan ledar tsaye da kwance ya zama gida-gida, in ya daskare sai dai ka ɓalle gidan da kake so ka mayar da sauran. Ya fi cin ƙaramin waje kuma ya fi saurin daskarewa. Tiren ƙanƙara ma yana yi amma ki ware masa nasa, domin jan ba ya fita kuma ƙanƙararki za ta riƙa warin tumatir.

Sabuwar_Amarya:
Wai me yake sa jan nan ya ƙi fita daga roba ne? duk robobina sababbi sun zama ruwan lemo, na wanke har na gaji

Malam_Auwal:
Sinadarin da ya ba tumatir jan launinsa ne, likofin sunansa, ba ya narkewa a ruwa sai a mai, ita kuma roba tana shan abu mai maiƙo. Shi ya sa kwalba ta fi, ba ta shan launi ba ta shan wari.

Anty_Larai:
Amarya ki wanke ki shanya su a rana yini ɗaya ko biyu za ki ga jan ya dushe sosai. Nan gaba kuma ki ɗan shafa mai a cikin robar kafin ki zuba.

Fatee22:
To ni matsalata wuta ce, sai ta ɗauke yini guda, wani lokacin har kwana. Firizar ma anya za ta yi min amfani?

Nas_Rabi:
Fatee in wuta ta ɗauke kuma ba a buɗe ƙofa ba, firij yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. Firiza in a cike take maƙil tana kai awa 48, in rabi ce awa 24. Saboda haka firizar ta fi miki firij nesa ba kusa ba, sai dai ki cike gurbin da babu komai da robobin ruwa su daskare su riƙe miki sanyi, kuma ki hana yara buɗe-buɗe. In wuta ta dawo ki taɓa ledar, in har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ki bar shi ya sake daskarewa babu komai, in kuwa ya narke ya saki har ya daina sanyi kuma ya daɗe a haka to kada ki mayar.

Mai_Girki_Sani:
Ƙarin dabara, ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi ki ɗora tsabar kuɗi ɗaya a kan ƙanƙarar ki bar shi a firizar. In kin yi tafiya kin dawo kin tarar da ita a gindin kofi, kin san komai ya narke ya sake daskarewa a bayanki.

Musa_Dalibi:
Duk kuna maganar firij da firiza, mu da muke ɗakin makaranta ba mu da ko ɗaya fa? Ni in na buɗe sai in soya shi duka da mai da gishiri in bar shi a tukunya, kullum da safe in ɗumama, yana min kwana huɗu

Baban_Nana:
Musa ka sayi ƙarami mana, mai giram 70, cokali huɗu ne da ɗan kai, girki ɗaya ya ƙare ka huta. Babban yana yi maka kamar ya fi araha amma in ka lissafa abin da kake zubarwa ko gas ɗin da kake ƙonawa wajen ɗumame babu ribar da ka ci.

Musa_Dalibi:
Baba ƙaramin ma wani lokacin rabi nake sawa, ni kaɗai ne

Malam_Auwal:
Musa suyar da kake yi tana rage ruwan da ke ciki, gishirin ma yana taimakawa, shi ya sa kake ganin yana jurewa. Amma daga ɗumamen safiyar yau zuwa na gobe awa ashirin da huɗu ne yana zaune a zafin ɗaki, kuma tsakanin digiri 5 zuwa 60 nan ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ƙa'idar da ake bi ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 ma awa ɗaya. Kwana huɗu ya yi yawa ƙwarai. In rabi kake sawa ka nemi abokin ɗaki ku riƙa raba ɗaya, ko ka yi girkin rana da na dare da shi a yini ɗaya ya ƙare.

Hajiya_Turai:
Ni fa har yanzu ina nan ina karantawa. Abin da yake damuna shi ne almubazzaranci, abinci ba abin wasa ba ne, a ce ɗan tabo kamar farce ya sa a zubar da rabin gwangwani. Amma maganar yarinya 'yar shekara biyu ta shige ni, wannan kam ba zan ce a ba ta ba.

Nas_Rabi:
Hajiya wlh nima zubar da abinci yana min ciwo, shi ya sa hanyar Ummu Sadiq ta burge ni, tun ranar farko an raba an daskarar babu abin da zai kai ga zubarwa.

Sabuwar_Amarya:
Nawa ma ko kwana bakwai ɗin bai kai ba. Satin da ya wuce na buɗe na juye a kwalba kamar yadda ake cewa, ranar ta uku na buɗe murfin sai na ji fus, saman ya yi ƙananan kumfa yana wani tsami-tsami mai hawa hanci. Na rasa dalili sai daga baya na tuna ranar farko ina cikin juya miya na ga tumatirin bai isa ba, sai na sa cokalin da ke cikin tukunyar na ƙaro, har sau biyu. Ko shi ne?

Mai_Girki_Sani:
Shi ne ƙanwata, babu ko shakka. Cokalin ya kai masa ruwan miya da ɗumi da duk abin da ke jikinsa. A kicin ɗinmu doka ce, cokalin ɗiba daban, busasshe, ya shiga sau ɗaya ya fita, wanda ya taɓa tukunya ko baki ba ya komawa. Kumfar da fus ɗin da kika ji kuma alamar ya fara tsima ne, yis ya kama shi yana fitar da iska, wannan ba a ma tsayawa shawara a kansa.

Ummu_Sadiq:
Sannan a ina kika ajiye a firij ɗin? in a jikin ƙofa ne nan ya fi ko'ina ɗumi, duk buɗewa iskar waje shi take fara bugawa

Sabuwar_Amarya:
A ƙofa ne kuwa Anty, kusa da robar ruwa da ake ɗauka kullum

Malam_Auwal:
To abu biyu suka haɗu. Firij ya kamata ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma 18 ƙasa da sifili, kuma lambobin nan 1 zuwa 5 da ke jikin abin murɗawa ba digiri ba ne, matakin ƙarfi ne kawai. Da yawa firij ɗinmu ba ya kai sanyin da muke zato, balle in an cusa masa kaya ko robar bakin ƙofar ta saki. Ƙaramin ma'aunin sanyi na firij shi zai faɗa maka gaskiya, ka ajiye shi a tsakiya ya kwana ka duba da safe. Kwana 5 zuwa 7 ɗin nan da na faɗa na firij ne mai sanyin gaske.

Baban_Nana:
Tunda ana maganar gwangwani bari in tambaya, wanda ba a buɗe ba amma murfinsa ya ɗan taso fa? Akwai guda ɗaya a cikin katan da na saya, in ka danna saman sai ya shiga ya dawo yana ƙara. Kwanan watan jikinsa bai wuce ba.

Nas_Rabi:
Kada ka buɗe shi ma Baban Nana, balle ɗanɗanawa. Lafiyayyen gwangwani murfinsa a shafe yake ko ya ɗan lotsa ciki. In ya taso to iska ce ta taru a ciki, ko dai daga ƙwayoyin cuta ko daga tsamin da ya ci ƙarfen, kuma daga waje ba za ka bambance ba. Haka wanda yake yoyo, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko ya lotse a kan haɗin bakinsa. Kwanan wata ba ya wanke gwangwanin da ya kumbura. Ka ƙulle shi a leda ka jefar inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

Mai_Girki_Sani:
Na taɓa fasa irinsa ban lura ba, ina huda shi ya yi tsartuwa har fuskata da bango, sai da muka wanke wajen gaba ɗaya muka zubar da yankakkiyar albasar da ke kusa.

Fatee22:
Ni ina ganin wanda yake zuwa a bututu kamar man goge baki ya fi duka sauƙi, ka matsa ka rufe, iska ba ta shiga

Ummu_Sadiq:
Eh yana yin makonni a firij in an buɗe, amma ki duba jikinsa, kowane kamfani yana rubuta kwanakin da ya yarda da su. Ki riƙa goge bakin kafin ki rufe kuma ki matso daga ƙasa. Na leda kuma in an yanka shi kamar gwangwani ne, ninke bakin da ɗaure shi da roba ba ya mayar da shi sabo, a juye ko a daskarar.

Zee_Kicin:
Na sauke kwalbar tawa daga kan kanta na zubar, har da tafarnuwar. Amma ni dai zan ci gaba da sa mai irin na Anty Larai, daskararren nan ina ganin kamar ɗanɗanonsa ba zai kai ba

Ummu_Sadiq:
Ki gwada sau ɗaya Zee, ki soya shi a mai har ya yi duhu kaɗan kamar yadda kike yi wa sabo, in kin ji bambanci ki dawo ki faɗa min

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Na je zan zubar sai na ce bari in duba da kyau tukun, na karkata gwangwanin man ya gangara gefe, ashe akwai wani tabon a ɗaya ɓangaren a ƙarƙashin bakin da aka yanka, shi har ya fara yin toka-toka, ledar ce ta ɓoye shi. Jikin gwangwanin ta ciki kuma daga inda tumatirin ya tsaya zuwa sama ya yi duhu. Hajiya ki yi haƙuri ban iya kwashewa ba. To amma maƙwabciyata tana da kaji, in ba ta ta zuba musu ko shi ma a'a?

Malam_Auwal:
A'a kada ki ba su, gubar funfuna tana taɓa kaji su ma. Ki ƙulle a leda ki sa a shara, kuma kada ki ƙara kai hanci kina sunsunawa, ƙurar irinta tana shiga ƙirji. Ki goge wajen da ya zauna a firij ɗin, ki duba abin da ke kusa da shi musamman in akwai wanda ba a rufe ba.

Hajiya_Turai:
Babu komai 'yata, tunda guda biyu ne har da mai toka ko ni ba zan ce ki kwashe ba. Amma ɗan fari guda ɗaya na kwana uku ko huɗu, ni dai har yanzu ban ga abin zubarwa ba in manya ne za su ci.

Nas_Rabi:
Hajiya a nan kam ba mu haɗu ba, ni ko guda ɗaya ne zubarwa zan yi

Musa_Dalibi:
Anty Ummu Sadiq in na samu wanda zai ajiye min a firizarsa, daga can zuwa ɗakinmu tafiyar minti ashirin ce, in ɗauko na kwana biyu lokaci ɗaya ko kullum sai na je?

Ummu_Sadiq:
Na ranar kawai za ka ɗauko Musa, minti ashirin ba komai ba ne in kana zuwa za ka sa a wuta, amma na gobe ka bar shi can a daskare